Jean-Henri Fabre: Malamin makarantar da ya tona asirin zanzaro

Babu wanda ya tashi a Nima ko Maamobi, ko wani zango na ƙasar Ghana, da zai ce bai san zanzaro ba. Shi ne ƙwaron nan mai siririn ƙugu da ke shigowa ɗaki da ɗan curin laka, ya liƙa a jikin bango ko bayan ƙofa ko ƙarƙashin kwanon rufi, wani lokaci ma har a jikin rigar da aka daɗe da ratayewa. Saboda ƙugun nan nasa ne idan mutum ya cusa riga cikin wando ake cewa ya yi zanzaro. Abin da aka gaya wa da yawa daga cikinmu tun muna yara shi ne wai zanzaro ba ya haihuwa, tsutsa yake ɗaukowa ya rufe ta a ɗakinsa, ya yi ta yi mata kuka har ta rikiɗe ta zama zanzaro. Ba mu kaɗai ke da wannan zance ba. Mutanen ƙasar Sin ma sun daɗe a kansa, har sai da wani malaminsu mai suna Tao Hongjing, wanda ya mutu a shekarar 536, ya fasa ɗakin ya tarar da ɗan ƙwai a ciki.

A filinmu na yau za mu kawo wa masu karatu tarihin mutumin da ya fi kowa daɗewa a durƙushe gaban ramin wannan ƙwaro da danginsa, wato Jean-Henri Fabre, mutumin ƙasar Faransa. Kada ɗan kasuwa ya ce ina ruwansa da labarin ƙwari, domin kafin mu kai ƙarshe zancen zai biyo ta kan buhun wake, da garin rogo, da mangwaro, da geron Maraɗi.

An haifi Fabre a watan Disamba na shekarar 1823 a wani ƙauye mai suna Saint-Léons, cikin duwatsun kudancin Faransa. Gidansu gidan talakawa ne, har ta kai yana ƙarami aka kai shi riƙo wurin kakanninsa na wajen uba, waɗanda manoma ne masu kiwo, bai dawo gida ba sai da ya kai shekara bakwai aka sa shi makaranta. Mahaifinsa ya bar ƙauye ya shiga sana'ar sayar da gahawa da abin sha, amma kasuwa ba ta taɓa karɓarsa ba. Ya buɗe a Rodez ya karye, ya koma Toulouse ya karye, ya koma Montpellier nan ma haka. Duk wanda ya taɓa ganin jari ya narke a hannun uba ya san abin da ke biyo baya ga yara. Karatun Fabre ya tsaya, ya shiga tallan lemon tsami a babbar kasuwar Beaucaire, ya kuma yi leburanci a wurin da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa.

A shekarar 1840 ya zauna jarrabawar neman gurbin karatu kyauta a makarantar horon malamai ta birnin Avignon, ya ci. Bayan shekara biyu aka tura shi koyarwa a firamare a garin Carpentras, yana da shekara 18, a kan albashin faran 700 a shekara. Ya yi aure a 1844. Daga nan duk takardar shaidar da ya samu da kansa ya koya wa kansa, da dare bayan an tashi daga makaranta, ya ci ta lissafi, ya ci ta kimiyya. A 1849 aka ba shi koyarwa a tsibirin Kosika, inda zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, dole ya dawo Avignon a 1853 ya ci gaba da koyarwa a sakandare. Albashinsa a can faran 1,600 ne a shekara, ga iyali na ƙaruwa, domin matarsa ta fari 'ya'ya bakwai ta haifa masa.

Abin da ya juya rayuwarsa ya faru ne a lokacin sanyin shekarar 1854, da ya karanta wata maƙala ta wani tsohon likita mai suna Léon Dufour. Shi Dufour ya yi bayanin wani ɗan'uwan zanzaro mai haƙa rami a ƙasa, wanda masana ke kira Cerceris, yana tara wa 'ya'yansa wasu ƙwari masu taurin baya. Abin da ya ɗaure wa likitan kai shi ne ƙwarin da ya tono daga ramin ba sa motsi, amma kuma ba sa ruɓewa, ba sa bushewa. Sai ya yanke hukuncin cewa uwar kashe su take yi, sannan ta ɗura musu wani ruwa mai hana nama lalacewa, kamar dai yadda ake sa wa kifi gishiri.

Fabre bai gamsu ba. Da watan Satumba ya yi, sai ya koma wajen garin Carpentras inda ya san akwai wata gangaren hanya da irin wannan ƙwaro ke haƙa ramuka, ya zauna cikin rana yana kallo. Wanda ya samu a can yana farautar wani ƙwaro ne mai dogon baki, ɗan'uwan wanda ke cin masara a rumbu amma ya fi shi girma nesa ba kusa ba, har nauyinsa ya kusa ninka na maharbin sau biyu, duk da haka uwar takan rungumo shi ta taso sama da shi. Fabre ya riƙa ƙwace abin farautar yana kai wa gida. Ya ga suna yin fiye da wata guda gaɓoɓinsu na lanƙwasuwa, cikinsu ɗanye shar, alhali ƙwaron da aka kashe a lokacin zafi ba ya daɗewa yake bushewa ko ya yi wari. Ya ga a kwanakin farko suna yin kashi. Ya sa musu wutar batir, ƙafafunsu suka motsa. Gawa ba ta yin haka. Ashe da ransu, jikinsu ne kawai ya shanye.

Saura ya ga yadda ake shanyar da su, wannan kuwa ya ba shi wahala, domin a daji uwar ke yin harbin, ba a bakin rami ba. Dabarar da ta fisshe shi ita ce ya jira sai ta sauko da kayanta, ya fizge da ɗan hantsaki, nan take ya ajiye mata mai rai a madadinsa. Sai ga ta ta hau shi, ta danne, ta lanƙwaso cikinta ta soka ƙarinta a ƙirjinsa, a mahaɗar da ke tsakanin ƙafafun gaba da na tsakiya. Nan take ƙwaro ya sandare. A daidai wannan wuri ne jijiyoyin da ke motsa ƙafafun irin wannan ƙwaro suka taru wuri guda. Don ya tabbatar, sai ya ɗauki bakin alƙalamin ƙarfe ya tsoma a ruwan amoniya ya soka wa wasu ƙwarin a wurin, suka shanye kamar yadda na uwar suka yi. Ya buga sakamakon a 1855, shekara ta gaba kuma babbar cibiyar masana kimiyya ta Faransa ta ba shi lambar yabo. Dufour da kansa ya rubuto masa takarda yana yi masa barka, abin da ba kowane dattijo ke iya yi wa yaron da ya gyara masa magana ba.

To mene ne hikimar shanyar da abin farauta a bar shi da rai? A nan ne duk rayuwar wannan ƙwaro take. Da farko dai mai gina ɗakin nan da muke cewa zanzaro ya yi, ya yi, mace ce. Namijin ba ya gini, ba ya farauta, ba shi ma da ƙari. Ita kuma uwar ba nama take ci ba, ruwan fure take sha. 'Ya'yanta ne ba sa cin komai sai nama, kuma ɗanye, wanda bai fara lalacewa ba. In ta ajiye musu matacce zai ruɓe kafin su girma, su mutu. In ta ajiye mai cikakken ƙarfi, da shuri ɗaya zai fasa ƙwan. Mahaucin da ba shi da firji ya san wannan matsala sarai, shi ya sa yake ɗaure dabbarsa da rai sai ranar da zai yanka.

Fabre ya bi wani irin, mai farautar gyare, tun daga ƙwai har fitowa. Uwar takan yi wa gyare harbi uku, domin shi jijiyoyin ƙafafunsa a kulli uku suke, ba wuri guda ba. Takan jera kamar huɗu a ɗaki ɗaya, ta manna ƙwai guda a ƙirjin ɗaya daga cikinsu, a wurin da ƙafa ba za ta kai ba, ta toshe ƙofa ta tafi abinta. Bayan kwana uku ko huɗu ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsa fara mara ƙafa ta fito ta kafa baki a inda aka ajiye ta. Cikin kwana goma zuwa goma sha biyu ta cinye gyaren duka sai ɓawo. Sannan ta saƙa wa kanta kwanso ta kwanta a ciki, a can take rikiɗewa, sai zafin shekara mai zuwa ta fito da fukafukai. Uwar ta riga ta mutu tun tuni. Ba ta taɓa ganin 'yarta ba, ita ma ba ta ga tata uwar ba, amma ranar da ta fara farauta ta san inda za ta soka. Wannan tambaya, ta wa ya koya mata, ita ce ta riƙe Fabre har tsufansa.

Ke nan tsutsar da yaro ke gani in ya fasa ɗakin zanzaro iri biyu ce. Akwai koriya ko mai ruwan ƙasa da aka ɗauko daga ganye, wannan abinci ce. Akwai kuma fara mai santsi, wannan ita ce 'yar gida. Wanda ya fasa da wuri ya ga ta farko, wanda ya fasa daga baya ya ga zanzaro, sai aka haɗa biyun aka ce rikiɗa ce. A ɗakunanmu ma zanzaron ba iri ɗaya ba ne. Mai ginin tulu-tulu shi ke tara tsutsa, kuma Fabre ya huda 'yar taga a jikin irin wannan tulu ya ga ƙwan a rataye yake da siririn zare daga sama, don kada tsutsotsin da ke ɗan mutsu-mutsu a ƙasa su murƙushe shi. Shi kuwa baƙin nan mai rawayan ƙugu kamar tsinke, mai jera ɗakuna dogaye, gizo-gizo yake tarawa. Wannan na biyun ana samun sa a Afirka da kudancin Turai, wato irin wanda Fabre ya zauna yana kallo a bakin murhun manoman ƙasarsu shi ne muke kankarewa daga bango a Akra.

Sunan da ya yi a wajen masana bai ƙara masa ko kwabo a albashi ba. Don haka ya shiga neman abin da zai fitar da shi daga talauci. A lokacin arzikin yankin Avignon yana kan saiwar wani tsiro ne da ake samun jan rini daga gare ta, wanda da shi ake rina wandunan sojan Faransa. Fabre ya shafe kusan shekara goma yana neman hanyar tace rinin cikin sauƙi, ya yi rajistar dabarunsa, har an fara maganar masana'anta. Ana cikin haka a 1868 wasu Jamusawa biyu suka gano yadda za a haɗa wannan launi daga kwalta, ba sai an yi noma ba. Cikin 'yan shekaru gonakin suka mutu, wahalar Fabre ta bi ruwa. Masu rini da baba a ƙasar Hausa sun san irin wannan rana.

A cikin waɗannan shekaru ne, a 1865, shahararren masanin nan Louis Pasteur ya zo gidansa. Gwamnati ce ta turo shi ya binciki cutar da ke kashe tsutsar siliki, 'yar'uwar wadda ake samun zaren tsamiya daga gare ta a wajenmu. Fabre ya miƙa masa kwanson tsutsar, Pasteur ya girgiza ya ji abu na motsi, ya tambaya mene ne a ciki. Fabre ya yi mamakin mutum ya zo yaƙi da cuta bai san ko kamannin mai cutar ba, amma daga baya ya yaba masa, domin Pasteur ya ci nasara.

Sai kuma fitina ta zo ta inda bai zata ba. Ministan ilimi na lokacin, Victor Duruy, ya so a buɗe wa manya da 'yan mata ajin yamma, kuma yana ganin girman Fabre, har ya sa aka ba shi lambar girma ta ƙasa aka kai shi gaban Sarki Napoleon na Uku. Fabre ya karɓi ajin yana koyarwa, jama'a na cika ɗaki. Da ya kai ga bayanin yadda fure ke ɗaukar barbara ya zama 'ya'yan itace, a gaban 'yan mata, sai wasu masu faɗa a ji a garin suka ce ya ɓata tarbiyya. A 1870 masu gidan da yake haya suka ba shi notis, ga mata ga yara, ga ƙasa cikin yaƙi da Jamusawa, ba shi da ko na ɗaukar kaya. Wanda ya cece shi wani Bature ne ɗan Ingila, masanin falsafa John Stuart Mill, wanda ke da gida a Avignon kuma sukan fita neman tsirrai tare. Mill ya aiko masa da faran 3,000, kusan albashinsa na shekara biyu, ba jingina ba mai tsaya masa. Fabre ya biya bashin nan kaf. Ya ajiye aikin koyarwa ya koma garin Orange, ya shekara tara yana rubuta littattafan makaranta, da su ya ci da iyalinsa. A can ne a 1877 ɗansa Jules, wanda ya fi kowa taya shi bin ƙwari, ya mutu yana da shekara 16. Wannan rashi ya kusa tafiya da shi.

Sai a 1879, yana da shekara 55, ya sami abin da ya yi ta buri tun yana saurayi, wato fili nasa na kansa. Ya sayi wani gida a ƙauyen Sérignan mai fegi cike da tsakuwa da ƙaya wanda manomi ba zai kalla ba, ya sa masa suna Harmas, ma'ana saura a harshen yankin. A wannan shekara ya fitar da littafi na farko na babban aikinsa, Souvenirs entomologiques, wanda ya kai juzu'i goma, na ƙarshe a 1907. Kayan aikinsa ba su wuce gilashin ƙara girman abu, da kwalabe, da tukwanen fure, da rariyar waya ba.

Ni a ganina gwaje-gwajen da suka fi daɗin ji su ne waɗanda ya nuna iyakar wayon ƙwaron. Mai farautar gyaren nan tana da al'ada, in ta jawo gyare sai ta ajiye shi a bakin rami, ta shiga ta duba, sannan ta fito ta ja shi ciki. Tana shiga sai Fabre ya matsar da gyaren kaɗan. Ta fito, ta nemo shi, ta dawo da shi bakin rami, maimakon ta shige da shi sai ta sake ajiyewa ta shiga dubawa. Ya sake matsarwa. Sau arba'in suna haka, shi ne ya gaji. Amma da ya gwada a wani wurin daban, na can ba su yarda an yi musu haka ba, bayan sau biyu ko uku suka shige da kayansu kai tsaye, kuma bai ɓoye wannan ba, ya rubuta. Ita kuwa mai tara gizo-gizo, ya riƙa kwashe duk abin da ta kawo har da ƙwan, ta ci gaba da kawowa, a ƙarshe ta liƙe ɗakin da babu komai a ciki. Ya ɓamɓare ginin gaba ɗaya daga bango, ta dawo da laka ta yi ta yaɓe gurbin.

Charles Darwin na Ingila ya ambace shi a littafinsa, yana ganin ba a yi mai lura kamarsa ba, har sun yi musayar wasiƙu a 1880. Amma Fabre bai taɓa karɓar ra'ayin Darwin na cewa halittu a hankali suke sauyawa ba. Hujjarsa ita ce harbin nan ba ya karɓar koyo, uwar da ta kuskure wuri zuriyarta ta ƙare. A nan kam ya ɗan zarce. Wasu mata da miji malaman makaranta a Amurka, George da Elizabeth Peckham, sun buga nasu binciken a 1898, suka nuna ba kullum harbin ke faɗawa daidai ba, wani abin farautar ma mutuwa yake yi, kuma 'ya'yan su ci su rayu. Sai dai binciken shekarun 2000 a kan wani irin mai kama kyankyaso ya nuna lallai akwai masu soka ƙari har cikin ƙwaƙwalwa, a daidai inda ake bukata. Kowane ɓangare da tasa gaskiyar.

Yanzu bari mu zo kasuwa. Zanzaro yana da ƙananan dangi dubbai, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Su ba sa gini, ba sa harbin mutum, a jikin wani ƙwaron ko a cikinsa suke saka ƙwai, ɗansu ya cinye shi. Waɗanda suka mai da su abokan aikin manomi ba almajiran Fabre ba ne, amma hanyar ita ce dai tasa, a zauna a gano wa ke cin wa, a wace rana, ta wace ƙofa.

A 1973 aka fara ganin wani farin ƙwaro mai kama da auduga a jikin rogo a wajen Kinshasa da Brazzaville. Daga Kudancin Amurka ya shigo, ya bar maƙiyansa a can, don haka ya bazu har ya iso Afirka ta Yamma, a wasu gonakin yana cinye kashi 80 cikin 100 na amfani. A 1981 aka gano asalinsa a ƙasar Paraguay tare da wani ɗan mitsitsin dangin zanzaro da ke saka ƙwai a cikinsa. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta yi kiwonsa ta sake shi a Nijeriya, daga nan aka kai shi Ghana da wasu ƙasashe fiye da 20, wani wurin ma daga jirgin sama aka zuba shi. Jagoran aikin, Hans Herren, ya sami babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 1995. Duk mai auna gari da olonka a kasuwar Nima ranar Laraba yana cin albarkacin wannan ƙwaro, ko bai taɓa ganin sa ba. Haka aka yi da mangwaro. A farkon shekarun 1980 wani farin ƙwaron ya ɓulla a Togo da Ghana yana baƙanta ganye yana hana 'ya'ya, sai da aka ɗauko maƙiyinsa daga Indiya aka sake shi a Togo a 1987.

Na Maraɗi shi ya fi kama da abin da Fabre ya gani. Akwai tsutsar da ke bin zangarniyar gero tana sassaƙe ta, wadda manoma ke kira murzuna. Maƙiyinta, wanda masana ke kira Habrobracon hebetor, ɗan ƙasa ne, ba a shigo da shi daga ko'ina ba. Macen takan harbi tsutsar ta shanye, ta saka ƙwai a jikinta ta waje, 'ya'yan su tsotse ta, su saƙa kwanso a gefenta, cikin kamar kwana goma zuwa sati biyu sababbi su fito. Matsalar ita ce yakan yi yawa ne bayan ɓarna ta riga ta auku. Tun daga 2006 masu bincike na cibiyar INRAN a Maraɗi, da takwarorinsu na Burkina Faso da Mali, suka riƙa kiwonsa suna zubawa a 'yan ƙananan buhunan algarara tare da gero da tsutsar da zai ci, a kai ƙauyuka a rataye lokacin da gero ke fitar da kai.

Saura wake, wanda da shi ake dafa waakye a Akra, kuma shi ne ke bi ta Dawanau da Jibiya da Bawku da Aflao a manyan motoci. Fararen ɗigon da ake gani manne a jikin ƙwayar wake ƙwan ƙwaro ne. Tsutsarsa takan huda ta shiga ciki, bayan sati uku zuwa huɗu ta fito ta bar rami. In Alhaji ko Hajiya suka buɗe tsohon buhu suka ga wasu 'yan ƙananan baƙaƙen ƙwari masu fukafukai, sirara, da ba su yi kama da ƙwaron wake ba, to akasari waɗannan maƙiyansa ne. Macen takan bi ƙwayar wake tana ƙwanƙwasawa da gashin kanta har ta ji inda tsutsa take, ta soka ƙari ta ɓawon, ta shanyar da ita ta ɗora mata ƙwai. Masana a jami'o'in Yamai da Wagadugu da Lome sun nuna in aka sa su a rumbu da wuri suna rage ɓarna ƙwarai. Amma kada a ruɗi kai, ganin su da yawa a buhu alama ce ƙwaro ya riga ya yi nisa, kuma su kaɗai ba za su ceci kayan da za a ajiye wata shida ba. Fiya-fiyan da wasu ke yayyafawa yana kashe su tare da ɓarawon, ya kuma zauna a cikin abincin, wanda saboda shi ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a 2007 bayan gwaje-gwajen da Jami'ar Purdue ta Amurka ta yi tare da masu binciken yankinmu, iska yake toshewa, ƙwaro ya mutu ba tare da an zuba komai ba.

Shi dai Fabre bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Matarsa ta fari ta mutu a 1885, ya sake aure bayan shekara biyu ya sami 'ya'ya uku. Da tsufa ya kama shi littattafan makarantarsa suka daina tafiya, talauci ya sake leƙo shi, har sai da abokai irin su mawaƙi Frédéric Mistral suka tashi suka yi ta kururuwa a jaridu. A 1910 aka shirya masa bikin girmamawa a gidansa, littattafansa suka fara sayuwa, aka yanka masa fansho. A 1913 shugaban ƙasar Faransa, Raymond Poincaré, ya zo har Sérignan ya gaishe shi, lokacin da ƙyar yake iya tashi. Ya mutu ranar 11 ga watan Oktoba na 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana da shekara 91, aka binne shi a maƙabartar ƙauyen.

A 1922 gidan ya koma hannun gidan tarihin halittu na ƙasar Faransa, kuma masu ziyara na zuwa su ga fegin da ɗan ƙaramin teburin da ya yi rubutunsa a kai. An fassara littattafansa zuwa harsuna da dama, amma inda sunansa ya fi tashe shi ne Japan, inda yara ke karanta labarinsa tun suna firamare.